Ƙara a Kwamfuta ta Huɗu

Injiniya ya kasa kunne. Daga kwamfuta ta huɗu ƙarar take fitowa: ƙwas-ƙwas, sai wani siririn fito.

Kwamfutoci shida ya harhaɗa da hannunsa a ɗakin baya, ko ɗaya bai sa wa faifan ajiya ba. Ta intanet suke karɓar lissafi daga masu binciken maganin wata cuta, su yi kyauta, su mayar. Da ɗaya ta mutu, aikin da ke kanta ya bi iska.

"Maman yara! Wa ya shigar mini ɗakin nan?"

Matarsa ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Lafiya, Maigida?"

"Ina lafiya? Ta huɗu na neman mutuwa, kuma yau take gama aikinta!"

Ya zare murfin gefe. A gurbin faifan, 'yan tsaki biyar ne cikin tsumma, sun zuba masa ido.

"Kai, sun ƙyanƙyashe!" Ta yar da tsintsiyar tana murna. "Kazata ce ta gudu ta bar ƙwai, na ga wurin da ɗumi, kuma ba komai ciki. Don Allah kar ka buɗe ta biyar, ƙwan da ke cikinta saura kwana uku."