Zanen da Na Naɗe Doya da Shi

A gidanmu takarda iri biyu ce. Mai rubutun Larabci a ɗaga ta sama, mai boko kuwa a naɗe abin sayarwa. Iyakar abin da aka koya min ke nan.

Ran nan da la'asar Inna tana suyar doya a ƙofar gida, takarda ta ƙare mata. Na shiga ɗakin Baba, na zaro wata mai kauri daga ƙasan akwatinsa. Hoton wani mai ƙaton tumbi ne a kan babur, da boko a samansa. Na yaga ta gida huɗu.

Ashe ba jarida ba ce. Ainihin zanen hannu ne na mutumin da zanensa ke ba kowa dariya a jarida. Abokin Baba ne tun suna yara, ya ba shi kafin ya rasu.

Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da yanki ɗaya a hannuna, mai ya jiƙa shi, tawada ta narke, yana warin yaji da man gyaɗa. Ya karɓa, ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Inna ce ta aike ni."

Ya nuna gefen takardar. "Uwata, nan ya rubuta sunana. Ba laifinki ba ne, mu ne ba mu ba ki idon gani ba."

Ya goge ta a jikin rigarsa, ya sa a aljihu.

Sai da na haifi biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar da na iya rubuta sunan Baba, ya shekara shida a kabari. Wallahi da ma dukana ya yi.