Kawu Ya Ƙi Duba Bidiyon

Da filasta a karan hanci da ido ɗaya a kumbure Dogo ya sauko daga mota. Bai biya gida ya gaida mahaifiyarsa ba. Jaka a kafaɗa, kai tsaye ya nufi ɗakin horon kawunsa, yana tafe yana ƙwafa.

Kawu ne ya koya masa kareti tun bai san kansa ba. Shi ya ɗaura masa ɗamarar farko, shi ya riƙa zungurar gwiwarsa da sanda har tsayuwarsa ta gyaru. Da kamfanin da Dogo yake wa gyaran injinan sanyi ya tura shi wani gari mai nisa, sun rabu a kan magana ɗaya: Dogo zai riƙa ɗaukar atisayensa a waya yana turowa, Kawu ya duba ya gyara.

Da fari abin ya tafi daidai. Kawu yakan rubuto gyara dalla-dalla, har da tsiya: wai hannunsa kamar na mai shanya wanki. Sai kuma rubutun ya ɗauke. Saƙon murya ya maye gurbinsa, kullum magana guda.

"Ka zo, ɗana. Wannan abu ba a waya ake yinsa ba."

Ya zo ta yaya? Ya bar aikin da yake ci da kansa? Dogo ya ci gaba da jingina waya a jikin bokiti a saman gidan haya, ya yi ta naushin iska har gumi ya jiƙa siminti, ya tura. Alama ta nuna an buɗe. Amsa ba ta canza ba. Da gasar karetin da zai shiga ta matso ya yi magiya, ya yi fushi, ya sake magiya. Daga ƙarshe ya koma wa masu koyarwa a intanet. Ranar da ya faɗa wa Kawu haka, tsaki kawai tsohon ya ja. Nan Dogo ya yanke hukunci: kishi ne. Tsoho ba ya son wani ya sa hannu a yaron da ya raina da hannunsa.

A zagayen farko aka yi waje da shi. Wani gajere, wanda ko kafaɗarsa bai kai ba, ya gano wata kafa a tsaronsa ya yi ta shiga ta nan kamar ƙofar gidansu. Abokan aikin da suka zo yi masa tafi su suka ɗauki faɗuwar, kafin ya bar asibiti ta zaga wayoyin kamfanin kaf.

A bakin ɗakin horon ya tarar da matar Kawu tana shara. Ta saki tsintsiya.

"Innalillahi! Dogo, me ya sami fuskarka? Tsaya, akwai maganar da ya kamata..."

"Bari, Gwaggo. Wurin mijinki na zo."

Ya fizge takalma ya shiga. Ciki dishi-dishi, ƙwan fitila ya mutu ba a sauya ba, babban madubin bango ya yi ƙura. Har wurin ma ya saki, in ji Dogo a ransa. Kawu na zaune a kan bencinsa, yana murza yatsu.

"Dogo ne? Har yanzu kana jan ƙafar hagun nan."

Shi ke nan. Ba sannu, ba me ya same ka. Hanci a karye a gabansa, amma ƙafa ta dame shi.

"An wulaƙanta ni, Kawu! A gaban jama'a! Hankalinka ya kwanta?"

"Matso. Tsaya yadda ka tsaya ranar."

Dogo ya tsaya. Tsohon ya miƙe, ya dafa wuyansa, ya bi kafaɗa da tafin hannu har gwiwar hannu.

"Kai naushi."

Ya kai.

"Ga ta nan. Kafaɗar dama na faɗuwa kafin hannu ya fita. Ko yaro zai shiga ta nan."

Ko minti ba a yi ba. Abin da ya ja masa karyewar hanci ke nan, abin da ke cikin kowane bidiyo da ya turo. Dogo ya zaro waya, ya kunna na ƙarshe, ya ƙure sauti, ya kai ta dab da fuskar Kawu.

"Kalla! Ba ga kafaɗar nan ba? Kalma ɗaya ta gagare ka? Kalla mana!"

Kawu ya kawar da fuska gefe.

"Numfashinka ma ba daidai yake ba."

"Ko kallo ba za ka yi ba?"

"Ni kake wa tsawa, ɗan nan? Ni da na goye ka?"

Dogo ya yi jifa da wayar kan katifar roba, ta faɗi tana ci gaba da fitar da hucinsa da ihunsa na atisaye. Ya gama da wannan ɗaki, ya gama da wannan tsoho. Ya juya, ya taka katifar da ƙafa ba takalmi har bakin ƙofa, Kawu na ta faɗa a bayansa.

Sai ya waiwayo don ya yaɓa masa ta ƙarshe.

Kawu na tsaye a tsakiyar ɗaki, ya ba shi baya. Yana nuna yatsa, yana zazzaga wa wayar da ke ƙasa faɗa, yana cewa ta dube shi in yana magana.

Gwaggo ta riƙo hannun Dogo, murya ƙasa-ƙasa, hawaye na zuba.

"Ya rantsar da ni kada kowa ya ji. Tun bara idanunsa suka tafi."