Gishirin Cikin Gwangwanin Madara

Sanyi ya tattara mutan gidan a kicin, ana girkin ranar hutu. Tela, saurayin Auta, ya naɗe hannun riga wai zai taya su.

"Miyar nan na son gishiri," in ji Mama.

Kafin kowa ya motsa, Tela ya zura hannu bayan tukwane ya zaro tsohon gwangwanin madarar da Mama ke ɓoye gishiri a ciki.

Auta ta tsaya da yankan albasa. A iya saninta, yau ne zuwansa gidan na farko. Ta dubi yayarta, ta ga ta sunkuyar da kai tana danne murmushi. 

"Wa ya nuna maka wurin?" Auta ta tambayi Tela.

Ya juya ya kalli Mama, gwangwani a hannu.

"Da kai nake. Wajen wa kake zuwa in ba na nan?"

"Wajena," Mama ta ce, tana juya miya. "Sau uku yana zuwa neman aurenki, bakin ya ƙi buɗuwa. Kullum sai ya ɓige da taya ni girki."

Auta ta daɗe tana kallonsa, ba ta saki fuska ba.

"Zuba gishirin," ta ce. "In ya yi yawa, ka san amsarka."