Rahoton Katangar Gabas

Takardar shafi biyu ce, an riga an yi mini alama da biro inda zan sa hannu. Karatuna a aji shida ya tsaya, don haka a hankali na bi ta, yatsana a kan kowane layi. Injiniya yana tsugune a bakin ƙofar ɗakina, takalmansa a waje, yana jira.

Abin da ta ƙunsa shi ne, katangar gabas ta faɗi saboda gyaran gargajiya marar inganci na shekaru da yawa, kuma marigayin ya shiga wurin ba da izini ba. Marigayin mijina ne. Watansa biyu a ƙasa.

Gidan ya haura shekara ɗari da hamsin. Wani falke mai cinikin fatu ya gina shi, da bene da tagogi masu zane. An yi kotu a cikinsa, an yi makaranta, an taɓa jibge buhunan hatsi har matakala. Kowa ya zo sai ya fasa taga ko ya toshe ƙofa, ya ƙara gaba. Mijina, Malam, shi kaɗai ya zauna. Shekara talatin da takwas yana bin katangun nan da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi. Kafin damina ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta jiƙu mako biyu, sannan ya yi yaɓe. Mu kuma aka ba mu ɗaki biyu a baya, nan muka yi rayuwarmu.

Sai kwamitin adana tsofaffin gidaje ya karɓi wurin, za a buɗe shi baƙi su riƙa zuwa kallo. Suka ɗora Injiniya a kan aikin. Ya zo da hular kwano da na'urar auna danshi, ya ce a daina wahalar yaɓe duk shekara, a shafe katangun da siminti sau ɗaya a huta.

Malam mutum ne mai gardama, ya taɓa korar ɗan kwangila da cebur. Amma ranar a hankali ya yi magana.

"Katangar ƙasa numfashi take yi. In ka rufe ta da siminti, ruwan da ta sha ta ina zai fita?"

"Baba, zamani ya wuce nan. An gwada, an rubuta."

"To. Kai ka yi karatu."

Aka shafe. Gida ya yi sumul, masu hoto suka yi ta zarya. Damina biyu Malam yana fita da safe yana ƙwanƙwasa katangar gabas da ƙashin yatsa, ya dawo ya kasa cin abinci. Ya ce ciki ya rabu da waje, ƙarar ta zama ta tulun da babu kome. Sau uku yana faɗa. A na uku, gaban shugaban kwamiti, Injiniya ya yi murmushi ya ce a yi masa uzuri, tsufa ne. Aka ɗaura igiya aka hana shi taɓa kome.

Ranar da abin ya faru an kwana uku ana ruwa, kuma 'yan makaranta za su zo kallo ƙarfe goma. Ƙarfe bakwai Malam ya tsallake igiyar da sanduna huɗu a kafaɗa, zai tokare katangar. Biyu ya kafa. Ina wanke-wanke na ji ƙarar. Da aka tono shi, na ga abin da ke bayan simintin da idona: taɓo ne zalla, har yana tsiyaya.

Na ɗaga kai daga takardar na dubi Injiniya. Ƙasa yake kallo.

"Mama, in aka rubuta siminti ne, za a rufe aikin, gidan ya ƙarasa rushewa. Wanda ya ba da umarnin kuma kotu za a kai shi, tunda an rasa rai. Baba kuwa ya riga ya tafi, babu abin da zai same shi."

"Sunansa fa?"

"Za a kafa allo da sunansa a ƙofa."

"A ƙofa allo, a ofis wannan?"

Ya miƙo mini biro. Na karɓi biron na sa hannu.

Allon bai zo ba har yau. A asirce suka ɓare simintin sauran katangu, suka koma ƙasa da ciyawa, suka sa wa aikin suna sabuwar hanyar adanawa. Mai zagayawa da baƙi yakan tsaya a gabas ya ce wani tsohon magini ne ya lalata wurin da jahilci. Ƙanwar Malam ta daina gaishe ni, ta ce na sayar da ɗan'uwanta a kan ɗaki biyu, alhali a makon da na sa hannun na kwashe kayana na bar musu ɗakunan.

Na riga na binne miji, ban ga yadda zan kai ɗanmu ɗaya tilo gidan yari da hannuna ba. Sai dai tun daga ranar, Injiniya kawai nake kiransa.