Tsoron Huwaila a Yatsan Tanimu

Tun da asibiti ya fara ba da tagwayen zobba, tsoro ya zama kayan da ake taya mutum ɗauka. Ka sa ɗaya, mai ƙaunarka ya sa ɗaya, fargabarka ta koma jikinsa.

Huwaila, 'yar shekara goma sha bakwai, ba ta ƙara kusantar kogi ba tun da kwalekwale ya kife da ita da yayarta Asabe, ita kaɗai ta fito. Likita ta miƙa mata zobban ta ce, "Ki haye kogin sau ɗaya. Amma ki karɓi tsoronki kafin la'asar, kada ya zauna wa wanda ya ɗaukar miki."

Saurayinta Tanimu ɗan masunta ne, a ruwa ya girma. Da dariya ya zura zoben, ita ma ta sa nata.

Nan take ƙirjin Huwaila ya yi sakayau, har ta shiga kwalekwale. Da ta waiwaya, sai ga Tanimu durƙushe a gaɓa.

"Yaya Asabe, ki yafe mini," yake cewa ƙasa-ƙasa. "Hannuna ne ya gaji, na sake ki."

Bai taɓa ganin Asabe ba. Huwaila kuwa ba ta taɓa faɗa wa kowa wannan sirrin ba, ko da likita.

Ta sauko, ta zare zoben daga yatsansa. Tsoron ya dawo mata.

Tanimu ya share gumi, ya kama hannunta. "Na ji ƙarfin ruwan nan, Huwaila. Ko ni ne, da na saki."

Da tsoron nata, ta sake ɗaga ƙafa zuwa kwalekwalen.