Ɓerayen da Kogi Ya Raba

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.
Ta zo, muna ji.

Ranar da hanya ta buɗe, wata likita ta tsallako kogi daga Umdurman zuwa unguwar Hajj Yusuf neman mijinta, rungume da kejin ɓeraye. Kafin yaƙi, iri biyu ita da mijin suke kiwo a ɗakin bincike, wasu da sinadari mai aikin almakashi a halittarsu, wasu da ƙwayar gadon da za a datse. Sai an haɗa su ake haifar waɗanda ƙwayar ta ɓace a jininsu da jijiyoyinsa kaɗai. A kansu take neman maganin cutar da ta kashe ɗanta. Da yaƙi ya ɓarke, ta gudu da masu almakashi, mijinta ya tsere da sauran. Ko gurasar kisira ɗaya ta samu, da ɓerayen take rabawa.

Wata tsohuwar maƙwabciyar mijin ta tare ta a ƙofar gidansa.

"Ya binti, 'yata, ai ya tafi Masar tun bara."

"Ɓerayen fa, Hajja?"

"Baƙaƙen nan? Wallahi sakinsu ya yi, sun ishe mu a madafa!"

To, shi dai bai dawo ba. Ɓerayensa sun saje da na unguwa. Ita kuwa tana nan ita kaɗai, gida-gida take bi, tana roƙon mutane kada su sa guba, ko ta samu masu ƙwayar ta haɗa da nata.