Madubi Mai Huda

Ranar da matarsa ta tsiyaya shayi a kan tebur, nesa da kofi, ranar likitan ya zaro madubin daga ƙasan akwati. Shekara biyu ke nan da abokinsa ya aiko da shi daga birnin Melbourne: ɗan madubi mai huda a tsakiya, wai da shi ake leƙa cikin ido. A lokacin, dariya likitan ya yi, ya ce abin wasan likitocin birni ne. Duk sanda ta yi kukan ciwon kai, sai ya ce zafin rana ne, ya hau doki ya tafi duba masu askin tumaki.

A ranar kuwa, sai ya saki labule, ya kunna kyandir kusa da kunnenta, ya sunkuya. Da ƙyar ya daidaita hasken. Can ciki ya hango jijiyar gani, maimakon ja, ta yi fari fat kamar ƙashi. Da bara ya duba, da ya garzaya da ita wurin manyan likitoci. Yanzu kam bakin alƙalami ya bushe.

"Me ka gani, maigida?"

"Ba komai. Gajiya ce."

"Kai dai ba ka iya ƙarya ba."

Ya yunƙura zai miƙe, ta laluba ta riƙo rigarsa.

"Tsaya mana, ci gaba da dubawa. Rabon da ka matso kusa da fuskata haka tun kafin mu haifi ɗan fari."